Tarihin Malam Aminu Kano, jagoran talakawa

Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga watan Afrilun 1983, bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, bai yi firimiya ko gwamna ba, kuma zaɓen da ya faɗi ya fi wanda ya ci yawa.

Duk da haka, a tarihin siyasar arewacin Najeriya da wuya a sami mutumin da ya sauya yadda talaka yake kallon mai mulki kamarsa. Ya shafe fiye da shekara talatin yana koya wa manoma da masu sana'a da 'yan kasuwa abu guda: cewa su 'yan ƙasa ne masu haƙƙi, suna iya tambayar hukuma inda harajinsu ya tafi, kuma suna iya ƙin amincewa da abin da aka yanke musu.

Gidan malamai

An haifi Aminu ranar 9 ga watan Agustan 1920 a unguwar Sudawa da ke cikin birnin Kano, shekara 17 bayan Turawan Ingila sun ci garin. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne daga zuriyar Fulani Gyanawa, waɗanda suka yi suna wajen sanin shari'a, kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙali.

Saboda haka Aminu bai fito daga gidan talakawa tuburan ba. Ya tashi a gidan ilimi, kusa da fada, inda tun yana yaro yake jin yadda ake shari'a da yadda manya kan sa baki a cikinta. Ya fara da karatun allo kamar kowane yaro na unguwarsu, kana ya shiga makarantar elementare ta Shahuci, daga nan sai Midil ta Kano.

A shekarar 1937 ya sami shiga babbar kwalejin da aka fara a Katsina aka mai da ita Kaduna, wadda a yau ake kira Barewa. Daga wannan makaranta ne kusan dukkan manyan 'yan bokon Arewa na farko suka fito, ciki har da waɗanda zai yi ta gwabzawa da su har ƙarshen rayuwarsa. Tun a can aka san shi da kaifin baki da tsara wasannin kwaikwayo, waɗanda yake amfani da su wajen yi wa hakimai da ma'aikatan En'e shaguɓe.

Tsarin da ya tarar shi ne wanda Turawa suka kira mulki ta hannun sarakuna. Razdan da Di'o suna sama, sarki yana riƙe da En'e, a ƙarƙashinsa akwai hakimai da dagatai da masu unguwa. Kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari duk suna hannun En'e. Aikin talaka shi ne ya biya haraji, makiyayi ya biya jangali, a fita aikin tilas in an kira. Babu wata ƙofa da aka tanada wadda zai bi ya ce bai yarda ba.

Zauren muhawara na Bauchi

Da ya gama kwaleji a 1942, an tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi. A nan ya haɗu da mutane biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa, kowa ta fuskarsa. Na farko shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa a makarantar, mutum mai natsuwa da ya yi imani da gyara a hankali. Na biyu kuwa Malam Sa'adu Zungur ne, masanin addini kuma mawallafin waƙoƙi, wanda ba ya tauna magana. Aminu ya ɗauki Sa'adu a matsayin malaminsa na siyasa, kuma shekaru bayan rasuwar Sa'adu a 1958 ya rubuta tarihin rayuwarsa.

A 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauchi da amincewar jami'an Turawa, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e kan taru su yi muhawara a kan al'amuran yau da kullum. Turawan sun zaci za a tsaya a kan batutuwa marasa ƙaya. Ba a daɗe ba matasan suka fara tambayar amfanin mulki ta hannun sarakuna shi kansa, har aka kai ga tambayar yadda ake yanka wa sarki albashi. Daga nan aka rufe zauren.

Ga mai karatu na yau wannan tambaya ba ta da wani nauyi. A wancan zamani kuwa, ma'aikacin En'e ya miƙe a bainar jama'a ya nemi bayani a kan kuɗin baitulmali abu ne da ba a saba ji ba. Matasan ba su watse ba, sai suka kafa ƙungiyar kyautata rayuwar mutanen Bauchi, wadda masana tarihi kan lissafa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

A 1946 Aminu ya tafi Cibiyar Horar da Malamai ta Jami'ar Landan, inda ya yi shekara guda. Ya isa Ingila a lokacin da jam'iyyar Leba take mulki, Indiya kuma tana dab da samun 'yanci. Ya yi cuɗanya da 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi, ya kuma nazarci yadda Mahatma Gandhi ya tunkari Turawa ba tare da makami ba. Bayan dawowarsa ya taimaka wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, sannan hukuma ta ɗauke shi daga Bauchi ta kai shi kwalejin horar da malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A watan Nuwamban 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya koma Kano.

Neman sawaba

Watanni uku kafin ya ajiye aiki, ranar 8 ga watan Agustan 1950, wasu matasa a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda a Hausa ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Aminu yana tare da su tun daga farko, sai dai kasancewarsa ma'aikacin gwamnati ya hana sunansa fitowa. A 1953 ya zama shugaban jam'iyyar, muƙamin da ya riƙe har sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966.

Da farko 'yan NEPU suna cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar raya al'adu. A taron Jos na ƙarshen 1950 aka raba gari, a shekara mai zuwa kuma ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC, wadda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa suka jagoranta, sarakuna da manyan ma'aikatan En'e suka mara mata baya.

Takardar manufofin NEPU, wadda aka sani da Sanarwar Sawaba, ta raba al'ummar Arewa gida biyu: masu riƙe da En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen. Ta ɗora alhakin talaucin jama'a a kan mulkin 'yan gida ɗaya da Turawa suka ɗaure wa gindi, ta kuma nuna cewa babu mai ƙwato wa talaka 'yancinsa sai shi da kansa, ta hanyar karɓar ragamar gwamnati da ƙuri'a.

Abin da ya sa maganar Malam Aminu ta shiga kunnen jama'a shi ne harshen da ya yi ta da shi. Bai zo da kalmomin littattafan Turai ba. Ya kafa hujja da Alƙur'ani da Hadisi, da kuma rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu a kan adalci da zaluncin masu mulki. Hujjarsa ita ce jihadin 1804 an yi shi ne don kawar da irin abubuwan da jikokin masu jihadin suka dawo da su. Wannan ya sa abokan hamayyarsa suka sha wahalar jifansa da cewa ya bar addini, duk da cewa sun gwada. Shi kansa mai tafsiri ne, kuma yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantar Islamiyya ta zamani a Kano, inda ake karantar da yara maza da mata a aji.

Jam'iyyar ta sami gindin zama a wurin teloli da mahauta da maƙera da 'yan koli da ƙananan malamai, wato mutanen da abincinsu ba ya hannun En'e kai tsaye. Tauraro ne alamarta. Kalmar sawaba ta ƙetara iyaka ma, domin a Nijar jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauki wannan suna a ƙarshen shekarun 1950.

Zaɓe mai hawa-hawa

Zaɓen farko da aka yi a Arewa, a 1951, ya nuna wa NEPU irin tudun da ke gabanta. Ba a zaɓen ɗan majalisa kai tsaye. Masu biyan haraji kan zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai matakin lardi, inda 'yan tsiraru za su fitar da waɗanda za su tafi majalisar Kaduna. Bugu da ƙari, doka ta ba En'e damar cusa mutanenta, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe, ko da sun faɗi a matakan farko.

A birnin Kano 'yan NEPU sun taka rawar gani a matakin farko. Da aka kai matakin ƙarshe ba su sami kujera ko ɗaya ba. Daga nan Malam Aminu ya mai da buƙatar zaɓe kai tsaye, a asirce, ga kowane baligi, babban abin da yake kira a kai, a gida da kuma wajen tarurrukan tsarin mulki da aka yi a Landan.

Shi kansa ya sha kaye sau biyu a jere. A zaɓen tarayya na 1954 Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, ya kayar da shi. A zaɓen majalisar Arewa na 1956 kuma Ahmadu Ɗantata ya yi nasara a kansa.

Kuɗin da aka biya

Shiga NEPU a shekarun 1950 ba ƙaramar kasada ba ce, musamman a karkara. Ba a yin taron lacca sai da izinin En'e, wadda shugabanninta su ne jiga-jigan jam'iyyar da ake hamayya da ita. Wanda ya soki hakimi a lacca ana iya gurfanar da shi gaban alƙali bisa laifin zagi ko tayar da hankali, kuma lauya ba ya shiga kotun alƙali. Ɗauri da bulala da tara sun zama ruwan dare. Akwai waɗanda aka ninka wa haraji, da waɗanda aka ƙwace wa gona ko rumfar kasuwa, da waɗanda suka bar garuruwansu ba su sake komawa ba.

A Kano, a 1953, wata ƙungiyar 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata ta riƙa far wa magoya bayan NEPU a tituna da gidajensu. Malam Aminu kansa an taɓa gurfanar da shi saboda ya kafa tutar jam'iyya a motarsa a cikin birni, abin da aka ɗauka cin fuska ne ga masu sarauta.

Matakin da ya ɗauka shi ne ya mai da kotu da kurkuku wani fagen koyarwa. Ana ƙarfafa wa ɗan jam'iyya ya tsaya gaban alƙali ya kare kansa, ya nemi a nuna masa dokar da ya karya, ya ɗaukaka ƙara in an zalunce shi. An riƙa hana mutane zubewa ƙasa gaban mai sarauta, da yin aikin gayya a gonar hakimi ba da son ransu ba. Wanda ya fito daga gidan yari akan tarbe shi da waƙa. Malam ya yi ta kiran a guji zubar da jini, ko da yake ba kullum matasan jam'iyyar suke jin wannan kira ba, domin su ma sun kafa rundunoninsu na ramuwa, kuma an yi ta ba ta kashi tsakanin ɓangarorin biyu a garuruwa da dama.

Ƙuri'ar mata

Batun da ya fi jawo masa baƙin jini a wurin masu ra'ayin riƙau shi ne na mata. NEPU ta nemi a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a da tsayawa takara, a lokacin da NPC ta tsaya kai da fata cewa al'ada da addini ba su yarda ba. Malam Aminu kan ba da misali da Nana Asma'u, 'yar Shehu, don nuna cewa ilimin mata da shigarsu harkar jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Jam'iyyar ta kafa reshen mata, wanda Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta jagoranta. Ita ce ta riƙa shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, aka ɗaure ta a Kano, aka kore ta daga garin, kuma ta yi ta shiga kurkuku tana fita har ƙarshen Jamhuriya ta Farko.

A wannan gwagwarmaya NEPU ba ta yi nasara a zamaninta ba. Matan kudancin Najeriya sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, na Arewa kuwa aka bar su a gida. Sai a 1976, ƙarƙashin mulkin soja, aka amince musu, suka kuma shiga babban zaɓe a karon farko a 1979, shekara 19 bayan samun 'yancin kai.

Majalisar Legas

Zaɓen Disamban 1959 shi ne na farko da dukkan mazajen Arewa baligai suka zaɓi wakilansu kai tsaye kuma a asirce. Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. NEPU ta sami ƙuri'a sama da dubu 500, amma kujeru takwas kacal ta tashi da su daga cikin 174 na Arewa, domin ƙuri'unta a warwatse suke, tsarin kuma na wanda ya zo na ɗaya ne ya kwashe duka.

Sai kuma aka shiga wani yanayi mai wuyar bayani ga magoya baya. Tun 1954 NEPU take ƙawance da jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Bayan zaɓe NCNC ta haɗa gwamnati da NPC, Tafawa Ɓalewa ya zama firayim minista, Malam Aminu kuma ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisa. A Legas yana zaune gefe ɗaya da mutanen da a Arewa 'yan dokarsu suke kama mabiyansa. Wasu daga cikin 'yan jam'iyyar ba su yafe wannan ba, kuma ya rage mata kwarjini. A zaɓen majalisar Arewa na 1961 kujera ɗaya tak ta samu.

A waɗannan shekaru ya wakilci Najeriya a tarurrukan Majalisar Ɗinkin Duniya. A zaɓen 1964, wanda rikici da ƙauracewa suka dabaibaye, ya rasa kujerarsa.

Zama da sojoji

Juyin mulkin 15 ga watan Janairun 1966 ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya kuma kawo ƙarshen jam'iyyun siyasa. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, ya kuma gayyato farar hula cikin gwamnatinsa. Malam Aminu ya zama kwamishinan sadarwa na tarayya, daga 1971 kuma na lafiya, har zuwa 1974.

Wani abin lura shi ne yawancin buƙatun NEPU a wannan zamani aka biya su, kuma da dokar soja. An karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, aka mai da su ƙarƙashin gwamnati. A 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya kawar da En'e ɗin gaba ɗaya. Mutumin da ya yi shekara 16 yana cewa da ƙuri'a za a rushe wannan tsari, ya ga an rushe shi ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Masu sukarsa sun riƙa nuna cewa ya yi shekara bakwai a gwamnatin da ba wanda ya zaɓe ta, magoya bayansa kuma suna cewa zaman ya taimaka wajen riƙe ƙasa a lokacin yaƙin basasa.

Ya kasance cikin kwamitin da ya tsara daftarin tsarin mulki daga 1975, da kuma majalisar da ta yi muhawara a kansa a 1977 da 1978.

Mabuɗi

Da aka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumban 1978, Malam Aminu ya fara zama da manyan 'yan siyasar da suka kafa NPN. Zaman bai yi nisa ba. Ya fice, shi da tsofaffin 'yan NEPU da malaman jami'a da 'yan ƙwadago suka kafa jam'iyyar PRP, mai alamar mabuɗi, wadda ta zama ɗaya daga cikin biyar da hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa rajista.

Ya tsaya takarar shugaban ƙasa tare da Samuel Ikoku a matsayin mataimaki. Hukumar zaɓe ta so ta hana shi takara bisa zargin cewa takardunsa na biyan haraji ba su cika ba, sai da kotu ta wanke shi ana saura kwanaki kaɗan a yi zaɓe. A zaɓen 11 ga watan Agustan 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'a 1,732,113, wato kimanin kashi goma cikin ɗari, bayan Alhaji Shehu Shagari da Cif Obafemi Awolowo da Dokta Azikiwe.

Ƙuri'un Kano ne suka haifar da babbar taƙaddamar wannan zaɓe. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya samu a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu ya kwashe kusan kashi uku cikin huɗu, ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Hukumar zaɓe ta ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, don haka abin da Shagari ya samu a Kano ya wadatar. Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da nasarar Shagari ranar 26 ga watan Satumba.

PRP ta ci kujerar gwamna a jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Cikin matakan farko da gwamnonin biyu suka ɗauka akwai soke haraji da jangali, waɗanda NEPU ta yi ta kuka da su tun 1950. A Kano an kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, aka kuma mai da ranar ma'aikata ta 1 ga watan Mayu ranar hutu tun kafin gwamnatin tarayya ta yi haka.

Santsi da Taɓo

Mulkin da aka daɗe ana nema shi ne ya raba jam'iyyar. Rimi da Balarabe Musa sun shiga tarurrukan da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP suke yi don haɗa ƙarfi a kan NPN. Shugabannin PRP suka umarce su da su daina, suka ƙi, aka kore su a 1980. Jam'iyya ta dare biyu. Ɓangaren gwamnoni, wanda tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu ya shugabanta, aka sa masa suna Santsi. Waɗanda suka tsaya tare da Malam aka kira su Taɓo.

'Yan Santsi sun zargi na kusa da Malam da neman sasantawa da NPN, suna kuma cewa su ne suke bin koyarwarsa ta asali. 'Yan Taɓo sun ce gwamnonin sun sami mulki sun raina wanda ya ɗora su. Ko ma wane ne ke da gaskiya, matasan da ya koya wa cewa shugaba ba ya fin ƙarfin tambaya sun juyo da tambayar kansa, kuma jam'iyyar ba ta da wata hanya ta warware saɓani in ba kora ba.

Sakamakon ya yi muni. Ranar 23 ga watan Yunin 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Ranar 10 ga watan Yuli kuma tarzoma ta ɓarke a Kano bayan gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. An ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa.

A wannan lokaci lafiyar Malam Aminu ta fara ja baya. Duk da haka ya shirya sake tsayawa takara a 1983, ya kuma zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa. Marubuci Chinua Achebe yana cikin waɗanda suka shiga jam'iyyar a wannan zango, har ya zama mataimakin shugabanta na ƙasa.

Bai kai ga zaɓen ba. Ya rasu a gidansa da ke Gwammaja yana da shekara 62, aka binne shi a cikin gidan, bayan jana'izar da dubban mutane suka halarta. Abokan tafiyarsa da abokan hamayyarsa sun haɗu a kan cewa bai bar wata dukiyar a zo a gani ba, duk da shekarun da ya yi yana kwamishina.

A zaɓen watan Agustan 1983 Rimi ya tsaya a jam'iyyar NPP, ɗan takarar PRP Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Gwamnatin ba ta wuce wata uku ba sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga watan Disamba.

An sa sunan Malam Aminu a filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin. Gidan nasa na Gwammaja kuwa, wanda aka fi sani da Mambayya, an mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.